Rana ce ke lilo ko madubin? Nazarin hotunan 9 ga Mayu 2024

## Kafin matsalar: Maris da Afrilu 2024

Mai wannan lamari malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare, a wani gari na arewacin Najeriya da ke kusa da digiri 12 arewa da ikwaita. Ni na taya shi duba fayilolin daga baya, don haka alƙaluman da ke nan daga hotunan suka fito, da kuma littafin da yake rubuta kowane zama a ciki.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai madubin hangen nesa mai faɗin baki milimita 80, wanda ke tattara haske a tazarar milimita 400. A bakinsa akwai matacin hasken rana na musamman, mai rage hasken sau 100,000, an ɗaure shi da tef don kada iska ta cire shi. Nan ba wurin sakaci ba ne. Wanda ya leƙa rana ta madubi babu wannan mataci, idonsa zai lalace kafin ya ƙifta, kuma baƙin tabarau ko fim ɗin hoton asibiti ba sa maye gurbinsa. A bayan madubin akwai ƙaramar kyamara da ke haɗe da kwamfuta, hotonta na da ɗigo 3,096 a faɗi da 2,080 a tsayi.

Masu nazarin sama da kusurwa suke awo. Idan aka raba digiri ɗaya gida 3,600, kowane gida shi ne sakan na kusurwa. A watan Mayu faifan rana yakan ci kusan sakan 1,900, kuma kowane sakan a fuskar rana kusan kilomita 730 ne. A wannan kyamara ɗigo ɗaya yana ɗaukar sakan 1.24, wato kusan kilomita 900. Faifan ya cika ɗigo 1,540 ko kusa da haka, ya bar filin ɗigo 270 a sama da 270 a ƙasa.

Madubin yana kan mazauni mai ƙafa uku, mai ƙaramar mota da ke juya shi daga gabas zuwa yamma don ya bi rana. Motar na juya wani sukuru, sukurin kuma yana tura faifai mai haƙora. Kafin irin wannan mazauni ya yi aiki daidai, dole sandar da yake juyawa a kanta ta kalli tsakiyar arewacin sama. A Turai wannan abu ne mai sauƙi, tauraron arewa yana can sama tarwai. A digiri 12 kuwa, tauraron bai wuce digiri 12 daga ƙasa ba, inda ƙura da katanga da bishiyar darbejiya suke tare shi. Malam da kamfas ɗin waya yake saitawa kowace safiya a kan rufin kankare na ɗakin gwaje-gwaje, rufin da ke cike da rodi, ƙarfen da ke karkatar da kamfas. Ya taɓa gwada inuwar zare mai dutse da tsakar rana don ya fitar da layin kudu da arewa, amma wajen 21 ga Afrilu rana tana tsaye a tsakar ka a wannan yanki, inuwar ba ta kai a auna ta ba.

A waɗannan watanni biyu hoto ɗai-ɗai yake ɗauka, kuma kafin kowane ɗauka sai ya dawo da rana tsakiya da hannu. Hotunan sun yi kyau. Babu abin da ya sa ya zargi mazaunin.

Burinsa shi ne ya nuna wa ɗaliban aji biyar cewa rana tana juyawa a kan kanta, su gani da idonsu a safiya guda, su kuma auna. A tsakiyar faifai tabon rana, wato baƙin wuri da kan fito a fuskarta, yakan matsa kusan sakan 9 na kusurwa a awa. Abu ne kaɗan, amma kyamarar za ta iya kama shi.

## Alhamis, 9 ga Mayu: ranar da abin ya bayyana

A makon nan ne wani gungun tabbai da hukumar NOAA ta Amurka ta ba lamba 13664 ya yi girman da ba a saba gani ba. Faɗinsa ya kai kusan kilomita 200,000, ana iya ganinsa da tabarau na kallon husufi ba tare da madubi ba. Shi ne ya jawo guguwar maganaɗisu ta 10 da 11 ga Mayu, wadda ta kai matakin G5, mataki mafi tsanani a ma'aunin irin wannan guguwa, na farko tun Oktoban 2003.

Malam ya sa kwamfuta ta ɗauki hoto ɗaya kowane minti, daga ƙarfe 8:00 zuwa 11:00 na safe. Hoto 180 ke nan. Rana ta riƙa sulalewa zuwa gefen hoton, sai da ya dawo da ita tsakiya da hannu sau huɗu. Da yamma ya yanke gefen da tabon yake a kowane hoto, ya daidaita wuraren nan huɗu da ido, ya jera su a manhaja suka zama bidiyo mai gudun hoto 15 a sakan. Tsawon bidiyon sakan 12.

Abin da ya gani shi ne gungun tabban yana tafiya hagu, ya dawo dama, ya sake komawa hagu, kamar an ɗora shi a lilo. A kan wannan kuma akwai ƙananan karkarwa marasa tsari. Juyawar ranar da ya fito nema ba ta ganuwa ko kaɗan.

Tunaninsa na farko shi ne tabon ne ke motsi. Yana da dalili: da misalin ƙarfe 10:13 agogon Najeriya, yana tsakiyar ɗauka, gungun ya yi fashewa mai ƙarfin X2.2 (X shi ne aji mafi ƙarfi a ma'aunin fashewar rana). Matacinsa na farin haske bai nuna fashewar ba, amma ya ga labarinta. Kuma tun da ya yanke bakin faifan rana daga bidiyon, babu wani abu tsayayye a ciki da za a gwada motsin da shi.

Lissafi ne ya kashe wannan zato a daren. Tazarar lilon daga ƙarshe zuwa ƙarshe ɗigo 24 ce, wato sakan 30, kusan kilomita 22,000. Tabon yana cinye wannan tazara cikin hoto biyar, minti biyar. Gudun ya haura kilomita 70 a sakan. Juyawar rana gaba ɗaya a ikwaitarta kusan kilomita 2 ne a sakan. Da ya koma ya jera cikakkun hotunan ba tare da yanka ba, sai ga faifan duka, har da bakinsa, yana lilo tare da tabon.

## 10 zuwa 12 ga Mayu: iska da zafi

Wanda aka fara zargi ita ce iska. Ranar Juma'a ya rataya buhun yashi a tsakanin ƙafafun mazaunin, ya ɗaure wayar kyamara a jikin ƙafa ɗaya don kada ta riƙa ja, ya hana ɗalibai takawa kusa. Ya ɗauki awa guda. Karkarwar ta ragu sosai. Lilon yana nan, ɗigo 24.

Na biyu shi ne zafi. Duk wanda ya taɓa kallon kwalta da azahar a watan Mayu ya san yadda iska mai zafi ke sa abu ya yi rawa. Haka rufin kankare yake yi da zarar ƙarfe tara ta wuce. Ranar Asabar ya sauko da kayan filin makaranta, gefen da ake ban ruwa. Ranar Lahadi ya canza salon ɗauka: kowane minti sai ya ɗauki gajeren bidiyo mai hoto 100, ya ba manhajar AutoStakkert ta zaɓi waɗanda suka fi fita ta haɗe su wuri guda. Awa ɗaya ta ci masa kusan giga 40. Sakamakon ya yi kyau ƙwarai, har ana rarrabe baƙin tsakiyar tabo da toka-tokan da ke kewaye da shi. Da aka jera hotunan 60, faifan ya yi lilo sau shida.

Ya rubuta wannan adadi a littafinsa, bai tsaya a kansa ba.

## 13 zuwa 16 ga Mayu: an sa manhaja ta riƙe hoton

Daga nan ya bar kayan ƙarfe ya koma kan kwamfuta. Manhajojin jera hoto suna iya matsar da kowane hoto har ya hau kan na gabansa. Tambayar ita ce da me za a kafa.

Ya fara da tabon kansa. Ya zana masa akwati a hoton farko na 9 ga Mayu, ya ce a bi shi. Bidiyon ya fito lafiya lau, tabon ya tsaya cak a wuri guda, ana ganin ƙananan tabbai suna sauya siffa a hankali. Ya nuna wa ɗalibai ranar Talata, 14 ga wata, ranar da gungun ya kai bakin yamma na rana ya kuma yi fashewarsa mafi girma zuwa lokacin, X8.7. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ina tafiyar da aka ce za mu auna?" Babu ita. Manhajar ta cire lilo, ta kuma cire juyawar rana tare da shi, tun da an ce mata duk inda tabon ya je ta dawo da shi. Ga wanda siffar tabo kawai yake so, wannan hanya ta wadatar. Ga awon da aka fito yi, amsarta sifili ce ko da yaushe.

Sai ya gwada kafawa da tsakiyar haske, wato manhaja ta auna inda nauyin hasken hoton ya taru ta ɗauke shi a matsayin tsakiyar rana. A hotunan da sama take garau abin ya yi aiki. Amma daga ƙarfe 10:20 zuwa 10:40 wani siririn gajimare ya ratsa, ya dusashe rabin faifan, tsakiyar haske ta koma ɗaya rabin. A hotunan nan 20 rana ta yi tsalle har na ɗigo 15. An gudu ba a tsira ba, kuskuren ya kusa kai girman abin da ake son aunawa.

## Asabar, 18 ga Mayu: gyaran da ya yi kamar ya ci

Ya kwance murfin mazaunin ya kai wa wani dattijo mai gyaran keken ɗinki a bakin kasuwa. Na ga hoton abin da suka tarar: giris ya bushe ya zama kamar ƙullin kuka, ƙurar hunturu ta shige tsakanin haƙoran tagulla, sukurin yana ɗan wasa idan an taɓa shi da yatsa. Dattijon ya wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ya sa sabon giris, ya ɗaure wasan. Yana juya sukurin a hankali tsakanin yatsunsa sai ya ce, "Malam, wannan ba a tsakiya aka huda shi ba. Ji nan ya yi tauri, nan kuma ya saki." Malam ya ce, "To Baba, a dai ɗaure." Kafin a mayar da murfin, dattijon ya ƙirga haƙoran faifan da bakin allura: 144.

Washegari aka yi gwaji. Wurin ajiya a kwamfutar ya kusa cika, batirin ma ba shi da ƙarfi don an kwana babu wuta, sai Malam ya sa a ɗauki hoto ɗaya kowane minti goma, na tsawon awa uku. Da ya jera su, babu lilo ko kaɗan. Sulalewa kawai ta rage. Ya turo min saƙo cewa an gama.

Ranar Litinin, 20 ga wata, ya koma hoto ɗaya a minti. Lilon ya dawo, ɗigo 23.

## 20 zuwa 24 ga Mayu: awo da bakin faifai

A nan na shigo. Shawarar da muka yanke ita ce a daina neman bidiyo mai kyau tukuna, a nemi lambobi. Kowane hoto a tambaye shi abu ɗaya: ina tsakiyar rana take a cikinka?

Abin da ya fi tsayuwa a hoton rana shi ne bakin faifanta. Tabo yana tafiya, yana sauya siffa, haske yana sauyawa da gajimare, amma da'irar tana nan da girmanta cikin awa uku. Mun rubuta ɗan gajeren shiri a yaren kwamfuta na Python. Daga wajen tsakiya yana ja layi 360 zuwa waje, layi ɗaya a kowane digiri. A kan kowane layi yana neman inda haske ya faɗi da sauri fiye da ko'ina, nan ne baki. Sai ya nemi da'irar da ta fi dacewa da waɗannan wurare, ya zubar da waɗanda suka yi nisa da ita, ya sake nema. Ko gajimare ya dusashe gefe guda, wurin da hasken ke faɗuwa bai matsa ba, kuma in wani yanki ya ɓace ɗungurungum, sauran sun isa su fitar da da'ira. Shirin yana rubuta lamba uku a kowane hoto: matsayin tsakiya a kwance, matsayinta a tsaye, da rabin faɗin da'irar. Ta ukun ita ce mai gadi. Tana tsayawa kusa da ɗigo 770, duk hoton da ta kauce a cikinsa mun san awon ya gurɓata. Cikin 180, hoto 7 muka ajiye gefe.

Wanda ba ya son rubuta shiri, manhajar ImPPG kyauta ce kuma tana iya jera hotuna da bakin faifan rana. Mu dai lambobin muke so a hannu.

Da muka zana lambobin a kan lokaci, motsi uku da suka cakuɗe a bidiyon sai kowanne ya ware.

Na tsaye layi ne mai gangara, kusan ɗigo 330 a awa, da tsalle huɗu inda Malam ya dawo da rana da hannu. Wannan ita ce sulalewa, kuma ta nuna sandar mazaunin ta kauce wa arewa da kusan rabin digiri. Ba duka ne laifin saiti ba: a wannan lokaci na shekara rana da kanta tana hawa arewa da kusan sakan 40 a awa, motar kuwa gabas da yamma kaɗai take bi.

Na kwance igiya ce mai hawa da sauka, sumul, tudu 18 cikin awa uku. Tsakanin tudu da tudu minti goma cif. A kanta akwai ƙananan tsini na ɗigo 2 zuwa 3, su ne karkarwar iska da zafi.

Minti goma. Malam ya buɗe littafinsa ya nemo 144 ɗin dattijo. Idan mota tana bin rana, faifan haƙora yana zagaye ɗaya cikin awa 24, wato sakan 86,400. Sukurin yana tura haƙori ɗaya a kowane juyi. Raba 86,400 da 144, amsa 600. Kowane sakan 600 sukurin yana cika juyi, kuma tun da ba a tsakiya aka huda shi ba, rabin juyin yana tura madubin da ɗan sauri, ɗaya rabin yana ja baya. Madubin sai ya riga rana da sakan 15, ya dawo ya bi bayanta da sakan 15. Masu harkar suna kiran wannan kuskure mai maimaituwa, kuma duk mazaunin da ke aiki da sukuru da haƙora yana da nasa, sai dai wani ya fi wani.

Wannan lissafi ya kuma bayyana gwajin 19 ga Mayu. Hoto ɗaya kowane sakan 600 yana samun sukurin a wuri ɗaya na juyinsa kowane karo. Kamar baƙon da ba ya shiga gari sai ranar kasuwa ne, zai rantse kullum garin a cike yake. Da tazarar minti bakwai ce ko tara, da lilon ya fito, ko da da wani tsawon lokaci na ƙarya. Minti goma da ninkinsa ne kaɗai ke ɓoye shi gaba ɗaya, kuma shi aka zaɓa don lamba ce mai daɗin ƙirga.

Akwai shaida ta biyu da ba ta dogara da haƙora ba. Sandar juyawar rana ba ta daidaita da arewacin samanmu ba, a 9 ga Mayu ta karkata da kusan digiri 22. Bayan an kafa hotunan da bakin faifai, tabon ya bi layi mai wannan karkata. Lilon kuwa a miƙe yake bisa layin gabas da yamma, layin motar. Motsi biyu, hanya biyu.

Sai muka nemi alƙali daga waje. Kumbon SDO na hukumar NASA, wanda aka harba ranar 11 ga Fabrairu 2010, yana kallon rana dare da rana daga sama da iskar duniya. Na'urarsa ta HMI tana ɗaukar cikakken faifai mai ɗigo 4,096 a kowane gefe, kowane ɗigo rabin sakan na kusurwa, hoto ɗaya duk sakan 45, kuma kowa na iya saukewa kyauta. Ta manhajar JHelioviewer muka ɗauko na sa'o'in nan uku, muka juya namu da digiri 22 don arewacin rana ya kalli sama kamar nasu, muka daidaita girma. A hotunan Malam tabon ya matsa ɗigo 19, kusan sakan 24. Bambancinsa da na kumbon bai kai ɗigo 2 ba. Adadin ya gaza sakan 27 da ake tsammani a tsakiyar faifai, kuma haka ya kamata: gungun yana kusan digiri 20 kudu da ikwaitar rana, ya kuma riga ya fara gangarawa yamma.

Wato abin da aka fito aunawa ɗigo 19 ne cikin awa uku, lilon da ya rufe shi kuma ɗigo 24 ne kowane minti biyar.

Ba ƙananan kaya kaɗai ke fama da wannan ba. Kumbon IRIS, wanda NASA ta harba a ƙarshen Yunin 2013, yana da madubi mai faɗin kusan santimita 20 da wani ƙarami a gefensa mai lura da bakin rana don riƙe saiti. Yana zagaya duniya cikin kusan minti 97. Ɗumin da yake samu daga duniya yana sauyawa a tsawon zagayen, ƙarfen da ke tsakanin madubin biyu yana ɗan lanƙwasa, hoton sai ya yi lilo na 'yan sakan na kusurwa a kowane zagaye. Injiniyoyin sun auna lilon, suka rubuta shi a jadawali, kumbon yana bin jadawalin yana motsa ƙaramin madubinsa na ciki don ya soke shi. Can ma tsawon lokacin lilon ne ya nuna inda ya fito.

## 25 ga Mayu zuwa 5 ga Yuni: gyara da sake gwaji

An raba aikin bisa ga motsin uku.

Sulalewa ta fi cin lokaci. Malam ya bar kamfas ya koma saiti da dare. Hanyar ba ta buƙatar tauraron arewa: a sa tauraro a tsakiyar hoto, a bar mota tana gudu, a ga ko yana zamewa kudu ko arewa. Tauraron da ke daidai layin tsakar sama yana nuna kuskuren hagu da dama na sandar, wanda ke ƙasa-ƙasa a gabas yana nuna kuskuren ɗagawarta. Damina ta fara leƙowa, dare biyu kaɗai ya samu sama a buɗe cikin mako guda. Da ya gamsu, ya sa birkila ya zuba ƙananan dakali uku na siminti a filin, kowanne da ɗan rami inda ƙafar mazaunin za ta zauna, don kada a sake saiti kullum.

Karkarwa an riga an san maganinta: buhun yashi, ƙasa mai ciyawa, da fara aiki da sassafe.

Lilon kuwa an bar shi. Wasu mazaunai suna da ƙwaƙwalwar da ke haddace kuskuren sukuru ta riƙa rage ko ƙara gudun mota, nasa ba shi da ita. Lissafi ya kuma nuna cewa ba ya ɓata hoto. A inda ya fi sauri, madubin yana kaucewa da kusan kashi ɗaya cikin shida na sakan na kusurwa a kowane sakan, kyamarar kuma tana buɗe ido ne na ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba. Matsayin faifan kawai yake sauyawa, shi kuwa shirin bakin faifai yana mayar da shi.

Gungun tabban ya zagayo ta gabashin rana a ƙarshen Mayu da sabuwar lamba, 13697, ya ragu amma yana nan. Ranar Laraba, 5 ga Yuni, aka sake ɗauka daga 7:30 zuwa 10:30, hoto ɗaya a minti. Sulalewa ta sauko daga ɗigo 330 a awa zuwa kusan 30, ba a taɓa madubin da hannu ko sau ɗaya ba. Lilon ɗigo 23 ne, minti goma, tudu 18. Bayan jerawa da bakin faifai, abin da ya rage na motsin tsakiya bai wuce ɗigo 1 ba. Ɗalibai sun auna tafiyar tabon da rula a jikin allon da aka haska bidiyon, daga hoton farko zuwa na ƙarshe.

## Hukunci

A ganina kuskure mafi tsada an yi shi ne a daren farko, lokacin da aka yanke bakin faifai daga bidiyon. Na fahimci dalilin, tabon ne abin sha'awa, kuma ƙaramin fayil ya fi saurin tafiya a WhatsApp. Amma yankan ya zubar da abu ɗaya tilo a hoton da ba ya motsi da kansa. Sai a 20 ga Mayu aka dawo gare shi a matsayin ma'auni, kwana goma sha ɗaya bayan haka.

Gwaje-gwajen iska da zafi ba ɓata lokaci ba ne, sun rage karkarwa kuma hotunan sun fi fita. Inda suka gaza shi ne ba a tambayi siffar motsin ba kafin a zargi wani. Iska da zafi ba su da agogo. Motsin da ke dawowa sau shida cif a awa yana nuni ga abin da ke juyawa, kuma wannan adadi yana rubuce a littafin Malam tun 12 ga Mayu. Dattijon kasuwa ma ya ji amsar a yatsunsa kwana biyu kafin kwamfuta ta zana ta, ya kuma faɗa. Ina ganin da an saurare shi sosai, da gwajin washegari bai ruɗi kowa ba.

Ban ga laifin manhajojin jerawa ba, abin da aka ce su yi suka yi. Abin da nake ƙi shi ne a karɓi bidiyo mai santsi daga gare su ba tare da an ga lambobin da suka cire ba. A wannan lamari lambobin da aka cire su ne suka bayyana haƙora 144 da rabin digirin da sandar ta kauce. Shi ya sa yanzu kowane bidiyo da Malam ya haɗa yana tafe da fayil ɗin matsayin tsakiya, kuma tazarar ɗauka ba ta wuce minti biyu, don a samu aƙalla hoto biyar a kowane juyin sukuru.

Na goyi bayan barin lilon yadda yake, muddin cikakken faifai ake ɗauka. Malam yana shirin ƙara gilashin da zai ninka girman hoto sau uku don ya matso kusa da tabbai. A wannan girma bakin faifai zai fita daga hoton, ɗigo 23 za su zama kusan 70, kuma shirin da muka rubuta ba zai sami da'irar da zai kama ba. Kafin ya saya, na ba shi shawarar ya ɗora ƙaramin madubi na biyu da nasa matacin a bayan babban, wanda zai riƙa ganin faifan duka yana rubuta tsakiyarsa a daidai lokacin da babban ke ɗaukar tabo.